Abin da Ya Kamata Ku Sani: Yadda Ake Hana Akwatin Kayan Aiki Rawa Idan Ya Zama Tebur

Mai gyaran takalmi da ke zaga unguwa yana ƙwanƙwasa akwatinsa, da mai gyaran agogo a bakin tasha, da matashin da ke buɗe wayoyi a Kasuwar Farm Centre ta Kano, da mai gyaran wuta da aka kira gida ya sauya soket, dukkansu abu ɗaya ya haɗa su. Wurin aikinsu bai fi ƙarfin a ɗauke shi da hannu ba. Haka ma maigidan da ya tanadi ɗan akwatin guduma da filaya da sukudireba don ƙananan gyare-gyaren gida. Idan aiki ya taso, akwatin da aka zuba kayan a ciki shi ake rufewa a ɗora aikin a kai.

Daga nan rigimar take farawa. Akwati an ƙera shi ne don a ɗauka, saboda haka maƙerinsa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya rage masa nauyi. Teburin aiki kuwa nauyi shi ne rabin amfaninsa. Wani kafinta Bafaranshe mai suna Andre Roubo, wanda ya fara fitar da babban littafinsa kan sana'ar katako a 1769, ya zana teburin da kaurin katakon samansa ya kai inci biyar, a kan ƙafafu huɗu masu kauri. Har yau kafintocin Turai da Amurka suna kwaikwayon wannan tebur, kuma ba don kyau ba. Duk ƙarfin da ka sa masa, ba ya motsi. To kai da ke riƙe da akwatin roba ko na falanki mai nauyin kilo goma, ba za ka mayar da shi teburin Roubo ba. Abin da za ka iya shi ne ka aro masa nauyi da riƙo daga abubuwan da ke kewaye da kai: ƙasa, bango, kayan da ke cikinsa, da jikinka.

Kafin komai sai ka gane wane irin motsi akwatin yake yi, domin mutane suna haɗa su duka su ce "yana rawa", alhali maganin wani yana iya tsananta wani. Ɗora tafin hannu ka danna kusurwoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Idan wata ta nutsa kishiyarta ta ɗaga, girgiɗi ne. Tura shi daga gefe a daidai saman murfin. Idan ya ja gaba ɗaya, zamewa ce. Idan gefe ɗaya ya tashi sama, yana neman kifewa. Sannan danna tsakiyar murfin. Idan ya lotsa ya dawo, murfin ne ba shi da ƙwari. Gwajin nan bai kai minti ɗaya ba, kuma shi zai gaya maka inda za ka sa hannu.

Girgiɗi

Murhun gargajiya duwatsu uku ake kafa masa, kuma tukunya ba ta girgiɗi a kansu ko da ƙasar tsakar gidan ba ta daidaita ba. Dalilin a lissafi yake: duk wurare uku da ka zaɓa, abu mai shafaffen gindi zai iya zama a kansu gaba ɗaya. Da ka ƙara na huɗu, dole sai ya zo daidai da sauran ukun, in ba haka ba akwatin zai riƙa zaɓe tsakanin zama biyu, ya faɗa wannan ya koma wancan. Girgiɗin ke nan.

Akwati mai shafaffen gindi, wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya, shi ya fi shan wannan wahala, duk da cewa a ido kamar shi ya fi zama daram. Tsakuwa guda ɗaya a ƙarƙashinsa ta isa ta zama abin da yake lilo a kai. Don haka aikin farko shara ce. Share wurin, ka kuma shafa gindin akwatin da hannu, domin sau da yawa tsakuwar a jikinsa take maƙale. Idan naka na katako ne, gara ka buga masa ƙananan ƙafafu a kusurwoyi, ko da guntayen katako ne masu kaurin yatsa, don tsakiyar gindin ta daina taɓa ƙasa.

Ƙafa uku ko huɗu? Ga aikin da ba ya son ƙarfi, irin gyaran agogo ko waya ko tabarau, uku sun wadatar, biyu a gefen da kake zaune ɗaya a tsakiyar gefen baya. Amma ka sani akwai kusurwoyi biyu na baya da babu komai a ƙarƙashinsu, kuma ranar da ka dafa ɗaya daga ciki da nufin tashi, akwatin zai bi ka. Ga aikin da ake dannawa ko ake ja, huɗu sun fi, sai dai a yi musu dabara.

Dabarar farko ba ta buƙatar komai. Juya akwatin a inda yake, a hankali, ba tare da ka matsar da shi ba, kana gwada shi bayan kowane ɗan juyi. Sau da yawa kafin ka kai kwata na zagaye za ka ji ya zauna. Wannan ba sa'a ba ce. Martin Gardner, marubucin wasannin lissafi a mujallar Scientific American, ya kawo batun a 1973, kuma a 2005 Andre Martin, masanin kimiyya a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, ya rubuta hujjar lissafi a kansa. Hankalin abin ba shi da wuya. A tebur mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, ƙafafu biyu da ke kallon juna ta kusurwa suna ƙasa, ɗaya daga cikin sauran biyun tana reto. In ka juya shi kwata, waɗanda suke ƙasa sun koma gurbin masu reto, masu reto sun koma gurbinsu. Tunda a farko wannan ɓangare ne ya gaza kuma a ƙarshe wancan ne, dole a tsakani akwai wurin da suka yi daidai. Sharaɗin shi ne ƙafafun su zama tsayi ɗaya, ƙasar kuma ta zama mai tudu da kwari a hankali, ba mai mataki ko tsaga ba. A kan tayil da aka shimfiɗa wani ya fi wani tudu, dabarar tana iya ƙi. A daɓen siminti ko tsakar gida kuwa, tana ci sosai.

Idan juyi bai yi ba, ko wurin ya matse, sai weji. A nan ne ake yawan yin sakaci. Mutum ya naɗe kwali ko takardar taliya ya cusa, ya ga abin ya tsaya, ya hau aiki. Kwali yana matsewa, kuma bayan bugu goma ya zama kamar babu shi. In ruwa ya taɓa shi kuwa, shi ke nan. Dutse mai zagaye yana mirginawa ya fice. Abin da ya fi shi ne guntun katako da aka fere ya yi tsini a baki ɗaya ya yi kauri a ɗayan, ta yadda za ka tura shi har ya cike ratar daidai. Yi guda biyu ko uku ka bar su a cikin akwatin, ba su da nauyi. Yankin tsohon silifas ma yana yi. Ka tura wejin ne kawai har girgiɗin ya tsaya. In ka ci gaba da bugawa, ka ɗaga wannan kusurwa ka haifar da sabon girgiɗi a ɗaya gefen.

A kan yashi ba a buƙatar weji. Danna akwatin ka murza shi hagu da dama har ya yi wa kansa gurbi. Da damina kuma, inda ƙasa ta yi laushi, ƙananan ƙafafu nutsewa suke yi, wata ta fi wata, sai ka shimfiɗa falanki mai faɗi tukuna ka ɗora akwatin a kai, domin nauyin ya bazu.

Akwai bambanci tsakanin akwatin da ya zauna da wanda samansa ya daidaita. Yana iya zama daram alhali ya karkata, kuma a karkace duk wani abu mai zagaye zai gangara. Ba sai ka sayi ma'aunin magina ba. Kwantar da gorar ruwa wadda ba ta cika ba a kan murfin, ka dubi inda iskar ciki ta tsaya. Idan ta gudu gefe ɗaya, wannan gefen ne ya fi tudu.

Zamewa da kifewa, waɗanda ba a raba su

Busasshiyar roba mai tauri, irin wadda ake yin akwatunan zamani da ita, ba ta kama tayil ko goggen siminti. Da hunturu abin ya fi muni, saboda ƙurar da ke kwanciya a ƙasa tana shiga tsakani ta ƙara santsi. Tabarmar roba kuma, wadda mutane kan shimfiɗa da zaton za ta taimaka, ita kanta zamewa take yi a kan tayil, ta tafi da akwatin. Magani mai arha yana wurin mai faci: tsohuwar robar cikin taya, a tsaga ta a shimfiɗa, ko a yanka ƙanana a manna a ƙafafun. Goge ƙurar ƙasan da ta robar kafin ka ajiye. In babu roba, tsumma mai ɗan danshi yana kama tayil, sai dai ban da wurin da ake aikin wuta.

Amma ga abin da ba a cika lura da shi ba. Akwatin da ke zamewa yana tsere wa turin da kake yi masa ne. Ranar da ka hana shi zamewa, ƙarfin nan bai ɓace ba, zai nemi ya tuntsurar da shi. Mu ɗauki misali mu lissafa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 45, nauyinsa da kayan ciki kilo 15. Idan ka tura samansa ta ɓangaren faɗin, gefen gindin da ke can gaba ya zama madogara. Nauyin yana tsakiya, santimita 15 daga wannan gefe, turinka kuma yana santimita 45 daga ƙasa. Ninka 15 da 15 ka raba da 45, ka sami 5. Wato turin da ya kai nauyin kilo biyar ya isa ya fara ɗaga shi, kuma duk wanda ya taɓa jan zarto a busasshen katako ya san hannu yana wuce haka ba tare da an yi nishi ba. Juya akwatin ka tura ta ɓangaren tsawon: yanzu nauyin yana santimita 30 daga madogara, sai an kai kilo goma. Juyi kawai ya ninka ƙarfinsa biyu. Saboda haka in za ka yi yanka ko gurza da magagari, tsaya a ƙarshen akwatin, hannunka ya riƙa tafiya tare da tsawonsa.

Lissafin yana nuna wani abu kuma. Duk kayan da ka fitar don yin aikin, nauyi ka rage wa teburinka. Ka fitar da guduma da manyan sifanu da injin huda, akwatin ya koma kilo shida, turin kilo biyu ya ishe shi. Shi ya sa akwatin da ya zauna lafiya a farkon aiki kan fara iskanci a tsakiya. Fitar da abin da kake buƙata kawai, sauran su zauna a ciki, masu nauyi a can ƙasa, masu sauƙi a sama. Idan akwatin ya yi sakayau, cika shi da abin da ke kusa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita biyar ya ƙara maka kilo biyar, kuma in an gama a zubar ko a yi amfani da shi, ba sai ka yi dakonsa ba. Guntun bulo ko leda cike da yashi ma haka.

Tsayi shi ne babban abokin gaba. A misalin nan, in ka ɗora wani akwati marar nauyi a kai don ka yi aiki a tsaye, tsayin ya zama santimita 90, ƙarfin da zai kifar da su ya ragu da kusan rabi. Kamfanonin waje sun yi akwatunan da ke hawa kan juna su kulle, irin Systainer da Festool ke amfani da su, da Packout da Milwaukee ya fitar a 2017, wasu har da tayoyi da saman katako na musamman don aiki. Kullin yana hana na sama zamewa daga kan na ƙasa, amma bai ƙara wa gindin faɗi ba, don haka hasumiyar tana nan da halinta. Mai irin wannan ya sa mafi nauyi a ƙasa, ya danne tayoyin da weji, in aikin na ƙarfi ne kuma ya sauke ɗaya ya yi a kansa. Akwati mai aljihun tebur ko mai faranti da ke buɗewa gefe yana da nasa haɗarin: kowane aljihu da ka jawo cike da ƙarfe ya fitar da nauyi wajen gindin. Jawo ɗaya, ɗauki abin da kake so, mayar.

Hanya mafi sauƙi ta kashe zamewa da kifewa a lokaci guda ita ce bango. Jingina akwatin da bango ko gindin bishiya ko dakali, ka sa turinka ya nufi can. Abin da ya fi wannan shi ne lungu, inda bango biyu suka haɗu. Inda babu bango, ƙafarka ce bangon.

Wannan dabara ta taka abin aiki da ƙafa har cikin wani shahararren tebur ta shiga. Ron Hickman, ɗan asalin Afirka ta Kudu da ya yi aikin zanen motoci a kamfanin Lotus a Ingila, yana haɗa kabad a gidansa a farkon shekarun 1960, ya ɗora katako a kan kujera mai tsada yana yanka, zarton ya ci har kujerar. Wannan ne ya sa ya ƙirƙiro ƙaramin tebur mai naɗewa wanda samansa falanki biyu ne da ke matse aiki a tsakaninsu. Manyan kamfanoni sun ƙi shi da farko, ya riƙa sayarwa da kansa, kafin Black & Decker su karɓa a farkon shekarun 1970 su sayar da miliyoyi da sunan Workmate. Teburin ba shi da nauyi, amma an yi masa mataki a ƙasa. Ka ɗora ƙafa ɗaya a kai, nauyin jikinka ya zama nasa. Kowa zai iya yi wa akwatin katako irin wannan: buga falanki a gindinsa wanda ya zarce shi da kamar taƙi ɗaya ta gefen da kake tsayawa. Ya ƙara faɗin gindi, ya kuma ba ka abin takawa.

Murfi

Murfin akwati, na roba ne ko na siririn ƙarfe, ƙarfinsa a gefuna yake, inda ya hau kan bangon akwatin. Tsakiya fanko ce. Ka ɗora katako a nan ka buga ƙusa, murfin zai lotsa ya dawo, ya shanye rabin bugun, ƙusar ta ƙi shiga ko ta lanƙwashe, kai kuma ka ƙara ƙarfi har hinjin murfin ya tsage. Idan bugu ya zama dole, matsar da aikin kusurwa, inda akwai bango biyu a ƙarƙashi da za su kai ƙarfin ƙasa kai tsaye. Kulle maƙallan murfin kafin ka fara. Murfin da ba a kulle ba yana wasa a kan hinjinsa.

Gyara na dindindin shi ne a yi wa akwatin saman aiki dabam. Nemi ragowar filawud mai kaurin milimita 18, wanda kafintoci ke kira tiri-kwata, a yanka shi ya ɗan zarce murfin da kamar santimita uku ko huɗu a kowane gefe. A ƙarƙashinsa a buga siraran katako huɗu da za su rungumi murfin, ta yadda in ka kifa shi zai shige ya zauna ba ya gocewa. In mariƙin akwatin a saman murfi yake kuma ya yi tudu, a huda masa gurbi. Ɗan abin da ya zarce ɗin nan yana da amfani, domin a nan ƙarfen matsi zai sami abin kamawa. Kada ya wuce haka. Saman da ya yi wa gindi fiffike sosai yana gayyatar mutum ya yi aiki a bakinsa, inda babu komai a ƙasa. Katakon da aka yi da garin itace da gam, irin na kabad ɗin zamani, bai dace ba, yana kumbura da ya sha ruwa.

Zafi ma yana da nasa. Yawancin akwatunan roba da wani nau'i ake yin su wanda ke narkewa a wajen digiri 160 a ma'aunin Selsiyus, kuma tun kafin a kai nan yake yin laushi. Dalmar haɗa waya, mai gaurayen kuza, tana narkewa a wajen digiri 183, bakin ƙarfen da ake narka ta da shi kuma yana haura 300. Taɓawa ɗaya ta huda murfi. Rana ma ba ta ƙyale shi ba: a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, murfin da aka bari a rana da kaya a kai yana sabawa da lotsawar ya ƙi komawa, bayan ɗan lokaci kuma robar ta bushe ta fara tsagewa. Saman filawud yana kare shi daga duka biyun.

Riƙe aikin kansa

Akwati ya zauna, amma abin da kake yankawa yana yawo a kansa: ba a yi komai ba tukuna. A gaskiya yawancin raunin da ake ji a ƙananan ayyuka daga nan yake zuwa, hannun hagu yana riƙe, na dama yana turo kaifi wajensa. Al'adar wuraren aikinmu ita ce oga ya ce wa yaronsa, "Zo ka danne min nan." Yaro yana dannewa, amma yatsunsa ne a bakin zarto, kuma idan ya gaji ba lallai ya faɗa ba.

Akwai ƙaramin abu da kowane kafinta zai haɗa maka da ragowar katako. Falanki ne mai faɗin taƙi ɗaya, an buga masa guntun katako a bakin gaba ta ƙasa, da wani a bakin baya ta sama. Na ƙasa yana maƙale bakin teburin da ke wajenka, na sama kuma shi ne abin da kake tura aikin ya tokara da shi. Turin zarton da kansa shi ke ƙara riƙe aikin. Ga bututu ko ƙarfe mai zagaye, a sassaƙa kwari mai baki biyu a jikin guntun katako, bututun ya kwanta ciki ba ya mirginawa. Idan abin dogo ne, kada ka bar jelarsa tana reto a iska. Nauyinta a can nesa zai ɗaga akwatin ko ya tsage yankan kafin ka gama. Tokare ta da kujera ko bulo mai tsayi ɗaya da akwatin.

Igiya ma tana aiki. Ɗaura bakinta biyu ta zama zobe, ratsa ta saman aikin, sauran ya sauko ta gefen akwatin har kusa da ƙasa, ka zura ƙafa ka taka. Muddin kana takawa, aikin a danne yake, hannayenka biyu kuma a sake. Masu ɗinkin takalmi na dā a Turai da maɗaurin fata suke riƙe takalmi a gwiwa ta wannan hanya.

Ƙarfen matsi mai nauyi, irin wanda ake ɗaure wa teburin makanikai, bai kamata a kafa shi a murfi ba. Nauyinsa a sama yake kuma a gefe, daidai inda ba a so, sannan in ka kama noti mai tsatsa da dogon sifana ka murɗa, akwatin ne zai juya. Ɗaure shi a kan falanki mai kauri da tsawo, ka ajiye a ƙasa, ka taka ko ka durƙusa a kan falankin.

Wannan sauka ƙasa ba ci baya ba ne, ko da yake wasu matasan masu sana'a suna ganin aiki a tsaye ya fi kama da na zamani. Masassaƙin da ke fafe turmi ko akushi da gizago a ƙasa yake zaune, ƙafafunsa ne ke riƙe itacen. Maƙeri yana kafa uwar maƙera a ƙasa, don bugun masaba ya wuce ciki kai tsaye. Kafintocin Japan na gargajiya a ƙasa suke yawancin aikinsu, suna taka katako da ƙafa, zartonsu kuma a jawowa yake ci ba a turawa ba. Teburan kafintocin Rumawa da aka tono gajeru ne, mai aiki yana hawa ya zauna a kan katakon. Duk sun gano cewa mutum ya fi kayan aikinsa nauyi, kuma abin da ke kusa da ƙasa ba shi da inda zai faɗa. Mai gyaran takalmi ma, ka lura, a kan akwatinsa yake gogewa da ɗinki, amma idan zai buga ƙusa a dunduniya, ƙarfen bugunsa a ƙasa yake ajiye shi.

Aikin ido kuwa, irin na agogo da waya, akasin haka yake so: ya matso kusa da fuska, a ɗan saman gwiwar hannu, don wuya da baya su huta. Tunda babu turi mai ƙarfi a cikinsa, tsayi ba ya cutarwa. Abin da ake tsoro a nan shi ne ɗan motsi kaɗan a mugun lokaci. Sukudireba ko wuƙar buɗe waya da ta goce ta soki batirin lithium tana iya sa shi hayaƙi har ya kama da wuta. Dafa gefen hannunka biyu a kan saman aikin, ta yadda in ya motsa za ku motsa tare. Shimfiɗa farin kyalle ko tawul don ƙananan notuna kada su yi tsalle, ka yi wa saman ɗan baki a gefe uku. Maganaɗisun tsohuwar lasifika yana tattara notuna da kyau, musamman in ana iska, amma kada ya kusanci agogon hannu irin wanda ake yi wa wani, domin yana kama siririn zaren ƙarfen da ke daidaita tafiyarsa, agogon ya fara gudu.

Wasu ayyukan kuma ba na kan akwati ba ne ko an yi masa duk abin da aka ambata. Injin yankan ƙarfe na hannu, wanda faifansa ke juyawa fiye da sau 10,000 a minti, idan ya cije yana fizgar aikin da ƙarfin da akwatin kilo goma sha biyar ba zai tare ba. A matse ƙarfen a ƙasa ko a babban tebur. Walda da duk wani aiki mai tartsatsi a nisanta su daga akwatin da ke ɗauke da gam ko tsumman mai. Hawa kan akwati don a kai ga ƙwan lantarki shi ma ya zama ruwan dare, alhali in ba maƙerinsa ne ya rubuta a jiki cewa an yi shi don a taka ba, tare da nauyin da zai ɗauka, murfin ba a gwada shi da nauyin mutum ba. A aro kujera ko tsani a gidan da ake aikin.